Kukan Fulin Esi: Saurari Motar Kafin Ka Sayi Kwamfiresa

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a barkanmu da war haka. Yau ma muna gareji, nan cikin birnin Kano, da safe muka fara don kada rana ta same mu a kan inji mai zafi. Yaro, matso da wayar nan kusa, ka riƙe ta da hannu biyu, ina so masu kallo su ji ƙarar sosai, don darasin yau rabinsa na kunne ne.

Motar da ke gabanmu Corolla ce ƙirar 2005, mai inji 1.8. Mai ita ga shi nan zaune a benci. Alhaji, ranka ya daɗe, faɗa wa jama'a abin da ka faɗa min jiya.

Alhaji: Wajen sati uku ke nan tana wani gurnani daga gaba. Na kai ta wani wuri, ko bonet ba a gama ɗagawa ba aka ce min kwamfiresa ce ta mutu, in kawo kuɗi a sayo wata. Na ce to bari in daina kunna esin har kuɗi su samu. Na daina, amma kukan bai daina ba.

Yawwa. Ku riƙe wannan maganar ta ƙarshe da Alhaji ya yi: ya daina kunna esi, kuka bai daina ba. Rabin amsarmu tana cikinta.

Bari in fara nuna muku yadda abin yake, don wanda bai san yadda aka haɗa shi ba ba zai gane kukansa ba. Ga wata tsohuwar kwamfiresa da na ajiye don koyar da yara, ita ce famfon da ke matsa gas ɗin esi don a samu sanyi. Gaban nan nata abu uku ne, ba ɗaya ba. Wannan mai layi-layi da bel yake hawa, shi ne fuli. A cikinsa akwai boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwayoyi da ke sa fuli ya juya sumul, shi kuma boris ɗin yana zaune a kan wuyan kwamfiresa. Bayan fulin ga kwayil, waya ce aka naɗe aka rufe da roba mai tauri. A gaba kuma ga faranti, shi ne aka ɗaure a kan sandar da ke juya cikin kwamfiresa. Idan ka danna esi, wuta ta shiga kwayil, sai ya zama maganaɗisu, ya janyo farantin ya manne da fuli. Wannan "ƙas" ɗin da kake ji in ka kunna esi, shi ne. Daga nan cikin kwamfiresa ya fara aiki. Idan ka kashe, faranti ya saki, ciki ya huta.

To amma fuli fa? Fuli ba ya hutawa. Muddin inji yana tashe, bel yana jan sa, boris ɗin cikinsa yana juyawa. Ko lokacin hunturu ne, watan Disamba, kana sanye da rigar sanyi, wata biyu ba ka taɓa madannin esi ba, boris ɗin nan yana aiki. A silo kaɗai, mota a tsaye ba a taka totur ba, inji yana juyawa wajen sau 700 zuwa 800 a minti ɗaya, a kan titin Zariya kuwa ya kai dubu biyu da rabi, dubu uku. Duk wannan juyin boris ɗin yana shan sa. Shi ya sa in ciwon na cikin kwamfiresa ne, kashe esi yana sa a ji shiru. In na boris ne, ka kashe ko ka kunna, kuka yana nan.

Yaro, tayar mana da ita. Esi a kashe, fanka a kashe, rediyo a kashe.

[inji ya tashi]

Kun ji? Ku bar ƙarar injin kanta, ku saurari wadda ke ƙarƙashinta. Gurrr, kamar injin markaɗe ana ji daga bayan katanga. Taka totur kaɗan. Kun ji ta bi injin ta hau? Saki. Ta sauko. Duk ƙarar da take hawa da sauka tare da inji, mota a tsaye, to ba ta taya ba ce, ba ta birki ba ce, wani abu ne da inji yake juyawa.

Kukan wajen bel ba iri ɗaya ba ne, kuma mutane suna haɗe su duka su ce "mota tana kuka". Akwai ihu mai tsini, ƙiiii, wanda yake zuwa da safe in an tayar da mota, ko in an kunna esi, ko in an murɗe sitiyari har ƙarshe. Wannan santsi ne, bel yana zamewa a kan fuli. Akwai na tsiyo-tsiyo-tsiyo kamar 'yan tsaki, mai zuwa daki-daki. Wannan yawanci wani fuli ne ya kauce daga layin 'yan uwansa, bel yana shiga a karkace. Akwai gurnani irin wanda muke ji yanzu, na ƙarfe yana cin ƙarfe, shi ne na boris. Akwai kuma kwaram-kwaram, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, wanda ba ya zuwa sai esi yana aiki. Wannan na ƙarshen shi ne ba ma son ji, don daga ciki yake fitowa.

Danna esin yanzu.

[ƙas]

Farantin ya kama. Gurnanin ya ɗan canza murya, ya yi ƙasa kaɗan, amma bai tafi ba. Haka boris yake yi: nauyi ya hau kansa, sai ya sake zama, muryarsa ta canza. A wata motar ma sai ka ji kamar ya yi shiru gaba ɗaya in an kunna. Kada wannan ya yaudare ka. Kashe. Kunna. Kashe. Ka yi haka sau huɗu, sau biyar, kana sauraro, kyauta ne, ba a kwance ko noti ɗaya ba. Sanyi kuma yana zuwa, Alhaji?

Alhaji: Sanyi kam lafiya lau, har yara suna cewa a rage.

To kun ji. Kwamfiresar da aka ce ta mutu tana ba da sanyi.

Kafin in sa hannu kusa da injin nan, wata magana da nake yi wa kowane yaro ranar da ya fara zuwa gareji. Bel ba ya jira. Ka naɗe hannun riga. In babbar riga ce a jikinka, cire ta ka rataye. Carbi, agogo, zobe, igiyar waya a wuya, jelar rawani, duk a aljihu ko a kan kujera. 'Yan uwa mata masu leƙa injin motarsu, don Allah a tattare hijabi da mayafi. Sannan fankar lagireto ta wuta ce, tana iya tashi da kanta ba sanarwa, musamman esi yana kunne. Na ga yatsan da bel ya kama, ba abin da nake so wani ya gani ba ne.

Gwaji na biyu, ruwa. Ga fiyawata ɗaya, na huda ta da allura don ta fesa siriri. Zan fesa a cikin bel ɗin, gefen da yake da layi, daf da inda zai hau fuli. Abin da muke nema shi ne: in ƙarar ta ƙaru, ta zama ihu, bel ne ya yi sako-sako ko ajasta, wato abin da ke danne bel don ya ɗaure, ta gaji. In ta ɗauke na 'yan daƙiƙu sannan ta dawo bayan ruwan ya bushe, mu nemi fulin da ya karkace. In kuwa ko a jikinta, to ba ruwan bel, boris ne wani wuri.

[fesa ruwa]

Ba abin da ya canza. Gurnani yana nan yadda yake.

A nan zan tsaya in yi roƙo. Ruwa kawai. Na sha karɓar mota an goga wa bel ɗinta sabulu, wata an ɗiga baƙin mai, wata man birki, wata kyandir. Ƙarar takan yi shiru kwana ɗaya ko biyu, mai mota ya tafi yana murna. Amma mai yana cin roba, bel ya kumbura ya yi laushi, ƙurar Kano ta manne a kai, ya zama kamar takardar goge katako yana cin fuli. Ciwon da ke kuka kuma yana nan, an toshe masa baki ne kawai.

Yanzu mun san boris ne, amma na wa? A motar nan bel ɗaya ne tak yake zagaye komai: babban fulin inji na ƙasa, altaneta mai cajin batir, famfon ruwa, famfon sitiyari, fulin ajasta, da fulin esi. Ban da babban fulin ƙasa, kowanne da boris ɗinsa, kuma ƙarfe yana kai ƙara nesa. Sai ka rantse daga ƙasa take fitowa, alhali altaneta ce a sama. An ce gani ya kori ji, amma a aikin nan ji ne yake kai ka wurin da za ka gani.

Ba ni doguwar sukundirebar nan. Bakinta zan ɗora a jikin abin da nake zargi, a ɓangaren da ba ya juyawa, in kafa mariƙinta a ƙashin kunnena. Ban ce a kan fuli ba, ban ce a kan bel ba. A jiki, ko a kan notin da ya riƙe shi. Altaneta: shuuu, sumul, lafiyayyen sauti ke nan. Famfon sitiyari: shi ma haka. Notin ajasta: akwai ɗan shhh, a bushe, zan dawo kansa. Kwamfiresa tana can ƙasa, sai na zura hannu a hankali. Bayanta: ana ji, amma daga nesa. Gabanta, kusa da wuya... kai. Har cikin haƙorina nake jin sa. Zo ka ji, yaro, don kunnenka ya riƙe.

Yaro: Maigida, kamar ana niƙa tsakuwa.

Haka ne. In ba ka da doguwar sukundireba, guntun tiyo ma yana yi, baki ɗaya a kunne, ɗaya kana nuna shi wurare. Kashe motar.

Duk da haka ban yanke hukunci ba tukuna, kuma zan faɗa muku dalili. Shekarun baya, ban daɗe da buɗe wurina ba, wani bawan Allah ya kawo min mota da irin wannan kukan. Na saurara a tsaye, na ce kwamfiresa ce. Ya je ya ranto kuɗi, muka sayo, na ɗaura, na zuba gas, muka tayar, kuka yana nan daram. Ɗan ƙaramin fulin ajasta ne, wanda ke zaune daf da ita. Mutumin bai ɗaga min murya ba, ya dai dube ni ya ce, "Malam, bashi na ci." Na biya abin da zan iya biya, amma maganar ba ta bar ni ba har yau. Tun daga ranar ban ƙara cewa a sayo komai ba sai na sauke bel na taɓa kowane fuli da hannuna.

Sauke bel ɗin nan ba wuya. Kafin ka taɓa, ɗauki hotonsa da waya, ka ga yadda ya zagaya, don in ya sauka kowa sai ya rikice. In za ka mayar da shi, sa masa kibiya da alli, ya koma yadda yake juyawa da. A injin nan akwai wani kan noti da aka ƙera a jikin ajasta, sifana 19 yake ci. Ka danna a hankali, kada ka fizga, don akwai ɗan abin da ke riƙe ta mai mai a ciki, yana so a bi shi sannu. Ta saki, na zare bel.

Dubi bel ɗin tun da yana hannu. Bel na da, in ya tsufa, tsagewa yake yi, kowa ya gani. Na yanzu robarsu daban ce, ba sa saurin tsagewa, cinyewa suke yi kamar taya: layukan su siranta, ramin ya zurfafa, bel ya nutse cikin fuli ya rasa riƙo, alhali a ido kamar sabo. Lambar da ke bayansa, wadda ta fara da 6PK, shida ɗin yawan layukansa ne, lambar da ke biye kuma tsawonsa ne a milimita. Da ita za ka je kasuwa. Na Alhaji da sauransa, zai koma.

Tayar da ita haka ba bel, amma ka tsaya a kan makulli. Inji ya huce, kuma ba za mu wuce rabin minti ba, don yanzu famfon ruwa ba ya juyawa, batir ba ya caji.

[inji ya tashi]

Kun ji? Tsit. Gurnani ya tafi. Ke nan ba daga cikin inji ba ne, ba sarƙar taimin ba ce. Kashe, zare makullin ka sa a aljihunka.

Yanzu hannu. Altaneta, na juya: sumul, tana ɗan riƙewa. Famfon ruwa: na girgiza shi, ba motsi, ba alamar ruwa ya tsiyaya. Fulin ajasta: kun gani, na wulla shi ya yi ta gudu shi kaɗai yana shhh. Mutane suna ɗauka wannan ne mai lafiya. A'a. Boris mai giris a ciki, in ka juya shi, zagaye ɗaya biyu zai tsaya, shiru. Wanda yake ta gudu kamar garen yara, giris ɗinsa ya ƙare. Bai mutu ba tukuna, ba shi ne mai gurnanin ba, amma Alhaji, ranka ya daɗe, tun da muna wurin, gara a canza shi tare.

Babban fulin ƙasa ma a duba. Ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. In robar ta tsage ko ta fara fitowa, shi ma yana kuka, musamman in esi ya ɗora masa nauyi. Ja layi da alli daga tsakiyarsa zuwa bakinsa, bayan an yi tafiya a duba. In layin ya rabu biyu, robar ta saki.

To ga wanda muka zo dominsa. Mun ɗaga motar, mun sa mata majingini, mun cire tayar gaba ta dama da robar da ke rufe wurin. Kada wani ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Sauko da wayar nan. Ina juya fulin esi. Kun ji? Ƙurus-ƙurus, yana sarƙewa yana saki. Na kama shi sama da ƙasa na girgiza. Dubi. Dubi yadda yake rawa. Lafiyayye ko kaɗan ba ya motsi ta wannan fuskar. Sannan ku ga wannan jar ƙurar da ta taru a bakinsa, kamar garin jan bulo. Ba ƙasa ba ce, ƙarfe ne ya ci kansa ya yi tsatsa.

Yanzu gwajin da zai raba mu da maganar kwamfiresa. Na bar fulin, na kama farantin gaba, shi ne ke haɗe da ciki. Na juya da hannu. Yana tafiya sumul, da ɗan nauyi da ke zuwa yana wucewa, wannan nauyin gas ne da ake matsawa. Ba sarƙewa, ba ƙara. Da ya ƙi juyawa, ko na ji yashi a ciki, da magana ta canza: sai sabuwar kwamfiresa, a wanke layin gaba ɗaya, sau da yawa har kwandensa, mai kama da lagireto da ke gaban mota tana huce gas, sai an canza, don garin ƙarfe ya bazu ko'ina, in ka ɗaura sabuwa a kan datti ita ma za ta bi ta farko. Ina kuma duba ko akwai mai a fuskar farantin ko a jikin abin da ke kewaye. In ka ga mai ya yi feshi a zagaye, sil ɗin sandar ne, wato robar da ke toshe bakinta, yake yoyo, gas yana bin sa, canza boris kaɗai ba zai wadatar ba. Nan a bushe yake ƙayau.

Alhaji, kwamfiresarka lafiyarta ƙalau. Boris ne.

Alhaji: Alhamdu lillahi. To me ya kashe shi? Ni ban taɓa buga ta da komai ba.

Garin nan ne, ranka ya daɗe, da shekaru. Ka ga inda take zaune, a ƙasa, kusa da titi. Watan Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ga zafin inji, ga cunkoso, ka tsaya a Kurna ko wajen Kantin Kwari mota ba ta samun iska, giris ya narke ya tsiyaye. Hunturu ya zo da ƙura mai laushi kamar gari, ta bi ta gefen murfin boris. Damina ta zo, Agusta, titi ya cika, ka kutsa cikin ruwa da fuli mai zafi, ya huce farat ɗaya ya zuƙi ruwan kwata. Sannan wankin inji da injin feshi mai ƙarfi. Don Allah in an zo wanke maka inji, ka ce kada a saita bakin tiyon a kan fulla-fullan nan. Motocin da ajastarsu ta hannu ce kuma, a nan laifinmu ne mu makanikai: a ɗaure bel tamau kamar tsirkiyar baka don kada ya yi kuka, sai boris ya biya.

Abin daɗin shi ne ba za mu taɓa gas ba. Boris a waje yake. A wata motar kana cire fulin a inda yake. A wata, kamar wannan, wuri ya yi kaɗan, sai mu kwance notukan da suka riƙe kwamfiresar, mu ɗan karkato ta, mu ɗaure ta da waya don kada nauyinta ya rataya a kan tiyo. Tiyon gas kuwa ko sifana ba za ta hau su ba. Gas ɗin motocin nan, R134a, yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifili. In ya feso maka a ido ko a fata, ƙuna ce irin ta ƙanƙara. Duk wanda ya ce sai ya zubar maka da gas kafin ya canza boris, tambaye shi dalili.

Cire kan batir tukuna. Notin tsakiyar faranti sifana 10 ne. Na riƙe farantin, na kwance, na zaro shi. A nan ku buɗe ido. Shimfiɗa farin tsumma a ƙasa, yaro. A cikin ramin farantin nan akwai wasu 'yan ƙananan washa, sirara kamar ɓawon albasa, wani lokaci ɗaya, wani lokaci biyu ko uku. Ga su, biyu ne. Su ne suke saita tazarar da ke tsakanin faranti da fuli. In suka faɗa cikin ƙasar gareji, an shiga wahala. Sa su a murfin kwalba ka ajiye a cikin mota.

Sai zoben ƙarfen da ya kulle fulin, da filayarsa ake buɗe shi. Ku lura gefensa ɗaya a fiƙe yake. Wannan gefen waje yake kallo in za a mayar. Fulin ya fito. In ya ƙi, a sa abin jawowa, kada a sa ƙarfe a ɓanɓare shi ta baya, kwayil yana nan.

Ga kwayil ɗin. Abin da nake dubawa shi ne ko zafin boris ya dafa shi: robar ta yi baƙi, ta kumbura, ta tsage, ko tana warin ƙuna. Wannan gefensa ya ɗan gogu inda fulin yake rawa yana taɓa shi, amma bai kai ga waya ba. Ba ni mita, abin auna wuta, mu ga juriyar wayarsa, wadda ake aunawa da om. Lafiyayye yana ba da tsakanin om 3 zuwa 5. Namu 3.7. In mita ta nuna ba hanya sam, ya yanke. In ta nuna kusan sifili, ya haɗe, shi ne mai ƙona fiyus kullum. Da Alhaji ya ƙara sati biyu, da kwayil ɗin nan ma sai an saya.

Da ya ƙara wata ɗaya kuwa, abin da nake tsoro daban ne. Boris in ya gama ci, ƙamewa yake yi. Fuli ya tsaya cak, bel yana gudu a kansa, hayaƙi, warin roba, bel ya tsinke. Kuma na ce muku bel ɗaya ne. Nan take fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi tauri a hannunka kana cikin gudu, allurar zafi ta fara hawa. An taɓa kira na da la'asar sakaliya, wani mutum da iyalinsa a wajen Kwanar Ɗangora, abin da ya same su ke nan. Ya ci gaba da tafiya don ya kai gari, inji ya yi zafi har gaskit ya ƙone. In ta faru da kai, ka gangara gefe ka kashe mota nan take. Sannan wuyan kwamfiresa alminiyam ne. Boris in ya ƙame yakan juya a kansa ya cinye shi, daga nan ko sabo ka sa ba zai zauna ba. A lokacin ne maganar sayen kwamfiresa take zama gaskiya. Na Alhaji na shafa, sumul yake.

Cire boris daga fuli yana son natsuwa. Dubi bakin ramin, kamfani ya dandaƙe ƙarfen wuri-wuri don ya riƙe shi. Sai an goge waɗannan tukuna. Sannan a tallafi fulin daga tsakiya, kusa da ramin, a tura boris ɗin da injin matsi. In ka ɗora shi a kan dutse ka hau shi da guduma, fuskar da faranti yake kamawa za ta lanƙwashe, ka gyara kuka ɗaya ka haifi wani. Wajen sa sabo, a gefen waje na boris ake dannawa, ba a zoben ciki ba, in ba haka ba ka raunata ƙwayoyin tun bai fara aiki ba. Bayan ya zauna a sake dandaƙe bakin.

Wajen saye, ka tafi Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari da tsohon a hannunka. Lambarsa tana jikin murfinsa. Irin su 30BD5222, ma'anarsa ramin ciki milimita 30, faɗin waje 52, kauri 22. Akwai mai 35 da 52 da 22, a ido kamar tagwaye ne, amma ba ya shiga wurin wancan. Boris ɗin esi layi biyu ne na ƙwayoyi a ciki. Kada a haɗa maka ƙanana biyu a ce duk ɗaya ne. Sunayen da muka sani da kyau su ne NSK, Koyo, Nachi, NTN, amma kwali ba ya rantsuwa, akwai jabu da yawa, ka sayi wurin wanda za ka iya komawa gobe. In kuma fuli na Beljiyam za ka ɗauka ɗungurungum, ka juya shi a kunnenka a gaban mai shago, ka girgiza, ka ƙirga layukansa, ka gwada shi da naka. Shi ma tsoho ne, wani ya gama amfani da shi a wata ƙasa. Allurar giris da wasu suke yi wa tsohon boris, in yana shhh ne kawai tana iya sayo maka 'yan makonni. In ya fara rawa irin wannan, ba abin da giris zai yi masa.

Wata magana ga masu motocin Jamus, irin su Mercedes da Golf na baya-bayan nan, da wasu sababbin Toyota. Da yawansu ba su da kwayil, ba su da "ƙas". Cikin kwamfiresar kullum yana juyawa, wani bawul ne a bayanta yake ƙara aiki ko ragewa. A fulinsu akwai roba da wani ƙarfe da aka yi shi don ya karye in ciki ya ƙame, bel ya tsira. In ka ga fuli yana juyawa, tsakiyarsa a tsaye, abin ya karye ke nan, kuma kafin ka sa wani sai ka binciki abin da ya karya shi.

[bayan an dawo daga kasuwa]

To mun dawo. Sabon boris ya zauna, fuli ya koma, zobe ya shiga raminsa, na zagaya shi da bakin sukundireba na tabbatar. Washa biyun nan sun koma, faranti ya hau. Saura tazara. Ga filageji, siraran ƙarafan da ake auna tazara da su. A yawancin Toyota da Honda da muke gani, ana son wajen rabin milimita, tsakanin 0.35 zuwa 0.65. Ka auna a wuri uku a zagaye, ba wuri ɗaya ba. In ta yi kaɗan, faranti zai riƙa gogar fuli esi a kashe, ka ji caka-caka, ya yi zafi. In ta yi yawa, da safe esi zai kama, amma da rana in kwayil ya yi zafi ƙarfinsa ya ragu, sai ya kasa janyo farantin, mai mota ya ce esinsa yana ɗaukewa a cunkoso, a yi ta ƙara masa gas a banza. Maganinta rage washa ɗaya. Tamu 0.5 ya shiga da ɗan riƙo, 0.6 ya ƙi. Daidai.

Fulin ajasta sabo ya hau. Mun mayar da bel bisa hoton da muka ɗauka. Bi kowane fuli da yatsa ka tabbata layi ya faɗa cikin layi, ko ɗaya bai hau baki ba. Mayar da kan batir. Kowa ya janye hannunsa. Tayar.

[inji ya tashi]

Matso da wayar daidai inda ka tsaya ɗazu. Taka totur. Saki. Danna esi.

[ƙas]

Fankar gaba ta tashi? Ta tashi. Wannan ma a riƙa dubawa, don in fanka ba ta aiki, ko ƙura ta toshe kwandensa, ko an cika gas ya wuce kima, matsi yana hawa, kwamfiresa ta yi nauyi, bel ya yi ihu duk lokacin da faranti ya kama, a ɗora wa fuli laifin da ba nasa ba. Kwandensar nan ta sha ƙura, yaro, kawo bokiti ka wanke ta da ruwa a hankali, kada ka lanƙwasa mata haƙora.

Alhaji, bismilla, zo ka saurara da kanka, sannan ka shiga mu zagaya ta titin Gidan Zu mu dawo, in sake leƙa bel ɗin yana da zafi kafin ka kama hanya. Jama'a, wassalamu alaikum.